Tauraro huɗu, tsibiri uku: tafiyata Komoros

Tun muna karatu a Khartum nake jin sunan Komoros a bakin wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya shekara uku, kullum in hira ta yi daɗi sai yace akhi wallahi wata rana sai ka zo ka ga garinmu da idonka. Shekaru suka tafi, kowa ya kama gabansa, sai gashi a watan Agustan 2024 ya turo min saƙo ta WhatsApp cewa yayansa zai yi babban aure kuma wannan karon ba zai karɓi uzuri ba. Da na faɗa a gida zan je Komoros kusan kowa sai ya ce Kamaru? Nace a'a, wasu tsibirai ne ƙanana a tekun Indiya tsakanin Mozambik da Madagaska, mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba kuma kusan dukkansu Musulmi ne, Larabawa na kiran wurin Juzurul Ƙamar wato tsibiran wata.

Daga Kano na tashi zuwa Adis Ababa, na kwana, washegari muka nufi Moroni, babban birnin ƙasar. Filin jirginsu yana wani gari Hahaya arewa da birnin, ƙarami ne sosai, nan aka buga min biza na canji kuɗi kaɗan. Yuro ɗaya faran 492 na Komoros ne kuma farashin baya motsi, domin kuɗinsu a ɗaure yake da yuro ta hannun Faransa kamar yadda sefa take. Abu na farko da ya ɗauki hankalina a hanya shi ne ƙasar, baƙa ce wuluk, duwatsu baƙaƙe kamar gawayi har bakin teku, ga kwakwa da ayaba sun fito a tsakaninsu kore shar. Abokina yace duk aman dutsen Kartala ne, ya nuna min shi can sama gajimare ya rufe kansa, tsawonsa mita 2,361 kuma har yau da ransa, a 2005 ma ya yi aman toka ya ɓata musu ruwan sha. Tsibirin nan na Ngazija bashi da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara, ruwan sama suke tarawa a tankunan siminti a gidaje.

Muna shiga gari na ga wani allo babba an rubuta da Faransanci, na tambaya, direban tasi ya riga abokina amsawa, yace cewa aka yi Mayot ta Komoros ce kuma haka za ta zauna har abada. Ya faɗa yana kallon titi, bai ƙara komai ba. A lokacin ban gane nauyin maganar ba sai da na yi kwanaki.

Gidan da aka sauke ni na mahaifiyar abokina ne, kuma nata ne da gaske, domin a al'adarsu uba ne yake gina wa 'yarsa gida, miji shi ke tarewa a wurin mata. Tsohuwar ta karɓe ni kamar ɗan da ta haifa, bata jin Larabci ni kuma bana jin Shikomori, amma Mama nake ce mata tana amsawa, kalma ɗaya da na riƙe da wuri ita ce marahaba, wato na gode. Ta kawo mataba, ganyen rogo ne da aka daka aka dafa da madarar kwakwa da kifi, a zuba kan shinkafa, kai jama'a abin ba'a magana. Da asuba muka tafi masallaci, liman ya bayyana bisimilla, bayan ya ɗago daga ruku'un raka'a ta biyu ya ɗaga hannu yana alƙunutu a bayyane jama'a na cewa amin, Shafi'awa ne. Tsohon masallacin Juma'arsu na unguwar Bajanani fari fat a bakin tashar kwale-kwale, an ce tun 1427 yake, na zauna a barandarsa bayan la'asar ina kallon yara suna tsalle cikin ruwa na ji zuciyata ta kwanta.

Bikin da na zo dominsa suna ce masa anda. Ba auren saurayi da budurwa bane, mutum zai iya yin shekara ashirin da matarsa da 'ya'yansu sannan ya yi shi, domin tarin kuɗin da ake kashewa, zinare da shanu da ciyar da gari guda kwana da kwanaki. Shi yasa ake yinsa a Yuli da Agusta lokacin da 'yan'uwansu mazauna Faransa ke zuwa hutu, musamman na birnin Marsey inda suke da yawan gaske. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne wanda bai yi anda ba, ko da digiri nawa gare shi, bashi da bakin magana a dandalin gari da suke kira bangwe, kuma baya shiga sahun manya. Ranar da angon ya fito da alkyabba da wani mayafi mai ado a kafaɗa na ga dattawa sun matsa sun bashi wuri, abokina ya raɗa min yace yau yaya ya zama mutum. Nace to kai fa? Yayi murmushi yace ni har yanzu yaro ne. Mutumin da ya kusa shekara arba'in yana koyar da ɗalibai.

A wannan bangwen na samu darasin tarihi daga wani dattijo da ya yi karatu a Masar, Larabcinsa tas. Da ya ji daga Najeriya nake sai yace ku kun san soja, mu mun san soja mun kuma san sojan haya. Ya fara tun daga farko. A Disambar 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama a tsibirai huɗun, Ngazija da Anjuwan da Moheli da Mayot, in aka haɗa jimilla fiye da kashi 90 sun zaɓi 'yanci, amma a Mayot mafi yawa suka ce a bar su da Faransa. Faransa ta ce to ai tsibiri tsibiri za'a ƙirga. Ahmed Abdallah, wanda ya zama shugaban ƙasar na farko, ya ayyana 'yancin kai ranar 6 ga Yulin 1975 da tsibirai huɗu, Faransa ta riƙe ɗaya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta fitar da ƙuduri cewa Mayot ta Komoros ce, da maganar ta je kwamitin sulhu a 1976 Faransa ta hau kujerar naƙi. Shi yasa tutarsu ke da tauraro huɗu da ratsi huɗu har yau.

Abdallah ko wata guda bai cika ba aka kifar da shi. Daga baya Ali Soilih ya hau, matashi ɗan juyin juya hali, ya yaƙi wannan anda ɗin da nake zaune a cikinta, ya ƙona takardun gwamnati na zamanin Turawa, ya bai wa samari ƙarfi suka yi ta wulaƙanta dattawa. A Mayun 1978 wani Bafaranshe ɗan sojan haya, Bob Denar, wanda shi ne ya taimaka aka kama Abdallah a 1975, ya sauko da mutanensa da dare ta teku ya kifar da Soilih, bayan makonni biyu aka harbe Soilih aka ce wai yana ƙoƙarin gudu ne, aka dawo da Abdallah. Daga nan Denar ya riƙe dakarun fadar shugaban ƙasa shekara goma sha ɗaya, ya ce ya musulunta, ya yi aure a ƙasar, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ce ke biyan kuɗin dakarun. A Nuwamban 1989 aka kashe Abdallah a fadarsa Denar yana wurin. Wata kotu a Faransa ta wanke shi daga kisan a 1999. A tsakani ma a 1995 ya sake dawowa da mutum kusan talatin ya kama shugaba Said Mohamed Johar. Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa yace ɗana ka ji, mutum talatin, ƙasa guda. Juyin mulki da yunƙurinsa sun haura ashirin tun samun 'yanci.

Na dawo gida daren nan babu wuta, kamar yadda aka saba kusan kullum, na kwanta ina juya maganar. Ƙasa ƙarama haka kowa ya san kowa, wanda ya kama ka ɗan ƙanwar maƙwabcinka ne, wanda ka rubuta a kansa gobe za ku haɗu a jana'iza. Ina ganin wannan kusancin zai sa mai mulki ya ji kunyar zalunci, amma abin da na gani shi ne yana sa wanda aka zalunta ya yi shiru, domin babu inda zai gudu, teku ce gaba teku ce baya, kuma aikin albashi kusan duk na gwamnati ne.

Na fahimci haka sosai da na ɗauko zancen zaɓe a cikin tasi, abokina ya taka min ƙafa. Sai da muka sauka a kasuwar Volo Volo muka keɓe sannan ya yi min bayani. A 1997 Anjuwan da Moheli suka ce sun ɓalle, Anjuwan har tutar Faransa ta ɗaga tana roƙon a mayar da ita, Faransa ta ƙi. A 1999 Kanar Azali Assoumani ya yi juyin mulki. Daga baya aka zauna a garin Fomboni na Moheli aka yi sulhu a 2001, aka fito da tsarin karɓa-karɓa, kowane tsibiri ya yi shugabanci zango ɗaya ya miƙa wa na gaba. Da naji haka nace ai mun san wannan, namu tsakanin Arewa da Kudu fahimta ce ta 'yan siyasa, nasu kuwa a cikin kundin tsarin mulki aka rubuta. Kuma ya yi aiki, wannan ne abin da ke ƙona min rai. Azali ɗan Ngazija ya yi daga 2002 ya sauka a 2006, Ahmed Abdallah Sambi ɗan Anjuwan ya karɓa zuwa 2011, Ikililu Dhoinine ɗan Moheli, tsibirin da ya fi kowanne ƙanƙanta, ya yi zuwa 2016. Ƙasar da aka sani da juyin mulki ta miƙa mulki hannu da hannu sau uku a jere. Ko da aka samu matsala a Anjuwan da Mohamed Bacar ya ƙi sauka daga shugabancin tsibirin, dakarun Tarayyar Afirka na Tanzaniya da Sudan suka taimaka aka fitar da shi a Maris 2008, tsarin bai rushe ba.

Sai Azali ya dawo a 2016 da layi ya sake zagayowa Ngazija. A 2018 ya dakatar da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama da 'yan adawa suka ƙaurace wa, aka ba shugaba damar zango biyu a jere, aka soke kujerun mataimakan shugaba, aka yi sabon zaɓe a 2019 lissafi ya koma farko. Anjuwan da ke jiran layinta a 2021 ta tashi a tutar babu. Mu a Hausa muna da sunan wannan abin, tazarce. Sambi kuwa tun 2018 yake tsare a gida, a Nuwamban 2022 wata kotun tsaron ƙasa da ba'a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta ta yanke masa ɗaurin rai da rai kan cin amanar ƙasa, saboda badaƙalar sayar da fasfo ga wasu mazauna yankin Gulf da ba su da shaidar zama 'yan kowace ƙasa. Nace wa abokina to ko dai ya ci kuɗin? Yace akhi ko ya ci, a yi masa shari'a irin ta mutane, shekara huɗu a tsare kafin a kai shi gaban alƙali, wannan wace irin shari'a ce. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Zaɓen Janairun 2024 kuwa, wanda aka ce Azali ne ya sake lashewa, har lokacin da naje zafinsa bai huce ba. Hukumar zaɓe ta fara cewa kashi 16 ne kacal na masu rajista suka kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa, daga baya kotun ƙoli ta fito da adadin da ya haura kashi 50, matasa suka fito suka toshe tituna, aka sa dokar hana fita, intanet ta lalace, an rasa rai. Kuma duk wannan ya faru ne Azali yana riƙe da shugabancin Tarayyar Afirka na karɓa-karɓa, wanda ya karɓa a 2023. Ina can ake ta ƙus-ƙus kan ɗansa Nour El Fath da ya naɗa babban sakataren gwamnati ya ƙara masa iko, wani saurayi mai sayar da katin waya yace min da Faransancin da abokina ya fassara, mu dai muna jiran a ce mana masarauta ce mu huta da layin zaɓe.

Bayan biki muka hau ƙaramin jirgi zuwa Anjuwan wurin gwaggon abokina. Tsibirin nan yafi Ngazija kyau nesa ba kusa ba, tsaunuka masu tsayi, ƙoramu, kuma lokacin ɗiban kanumfari ne, duk gefen titi an shimfiɗa buhuna an baza shi yana bushewa, ƙamshi har cikin mota. Ga kuma furen ilan-ilan da mata ke tsinka da sassafe a dafa a manyan tukwane a tace mansa a tura Faransa a yi turare mai tsada, Komoros na cikin ƙasashen da suka fi kowa samar da shi a duniya. Na riƙe furen a hannuna, rawaya mai laushi, na kalli ƙafar matar da ta tsinko shi, silifas ɗinta an ɗaure da waya. Mun zaga tsohon garin Mutsamudu mai lunguna kamar na cikin birnin Kano, mun hau ganuwar da ke samansa inda tsoffin igwa ke kallon teku, abokina ya nuna min unguwar da aka yi kwanaki ana musayar wuta a Oktoban 2018. Sannan muka wuce Domoni garin Ahmed Abdallah inda kabarinsa yake.

Daga wannan gaɓar Mayot kilomita 70 ce. Da kakanninsu haye ta suke yi kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Wudil ya dawo, aure da kasuwa da zumunci, harshensu kusan ɗaya. A Janairun 1995 gwamnatin Faransa ta Firaminista Baladur ta sa musu biza, wadda samunta ga talaka sai wani ikon Allah. Mayot kuwa ta ƙara zaɓar Faransa a 2009, a 2011 ta zama cikakken yanki na 101 na Faransa, kuɗinta yuro, akwai asibiti akwai makaranta akwai albashi, duk da cewa ita ce mafi talauci a duk yankunan Faransa. To sai mutane suka koma hayewa da dare a wasu ƙananan kwale-kwalen roba masu inji da suke kira kwasa-kwasa, na mutum bakwai ko takwas a loda talatin. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 sun mutu a wannan ruwan tun 1995. Rahotonsu ne da kansu. Kuma a 2017 shugaba Makron ya yi barkwanci da abin a gaban kyamara, yace kwasa-kwasa bata cika kamun kifi ba, 'yan Komoros take kawowa. Duk wanda na yi wa zancen a Anjuwan ya tuna wannan maganar.

Ban ga laifin mutanen Mayot da suka zaɓi inda za su samu magani ba, kuma na ji an ce tun da can suna kukan manyan tsibiran sun danne su. Amma raba 'yan uwa da biza, a bar gefe ɗaya da yuro gefe ɗaya da duhu, sannan a riƙa tasa ƙeyar mutum sama da 20,000 duk shekara, wasu a bar 'ya'yansu a can ba uwa ba uba, wannan zalunci ne. A 2023 ma suka ƙaddamar da wani samame mai suna Wuambushu suna rusa gidajen kwano. Gwamnatin Moroni kuma ta kafa allo ta ce Mayot tamu ce, amma asibitin da zai hana mai ciki shiga kwale-kwale da dare bata tsayar da shi ba.

Gwaggon abokina tana zaune a tsakar gida fuskarta shafe da wannan farin kwaɓin icen sandal da matansu ke shafawa, ta lulluɓa da zane ja da fari, tana tsince kanumfari a faranti. 'Yarta ta biyu ta hau kwasa-kwasa shekara shida da suka wuce da cikin wata bakwai, saboda cikinta na farko ya zo da matsala an rasa jaririn. Su kusan talatin suka tashi bayan isha'i. Ba'a ga kwale-kwalen ba, ba'a ga gawa ko ɗaya ba. Abokina yana fassara min muryarsa na rawa, ita kuwa tata bata canza ba, hannunta bai daina tsince ba. Tace abin da ke damunta bata san ko ta yi mata sadakar mamaci ko ta ci gaba da jira ba, malamai sun ce ta yi, ta yi, amma har yanzu in waya ta yi ƙara da lambar Mayot gabanta sai ya faɗi. Nace Allah ya jiƙanta ya sa ta yi shahada Mama, domin wanda ruwa ya ci shahidi ne. Da abokina ya fassara sai ta ɗago ta kalle ni tace amin, marahaba.

Da za mu tafi ta ƙulle min kanumfari cikin leda kusan mudu guda, nayi nayi in bata wani abu ta ƙi. Wani jikanta ɗan shekara sha tara ya ɗaukar min jaka zuwa bakin titi, muna jiran mota ya tambayi abokina wani abu ƙasa-ƙasa, abokina ya daka masa tsawa, yaron ya sunkuyar da kai. Sai da muka shiga mota na tambaya me yace. Yace rancen kuɗi yake nema, saura kaɗan ya cika kuɗin kwasa-kwasa, kuma kakarsa bata sani ba.